Buhu Shida da Na Kankare

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ki Kaduna lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa. Na ba innarki ita ta cusa miki a ƙasan jaka don kada ki gan ta sai kin isa. Ba labarin gida zan ba ki ba, gidan yana nan yadda kika baro shi. Magana ce da na kasa yi miki baki da baki. Kin san ni da dogon bayani, innarki ta ce in na fara magana sai tuwo ya huce, to yau ki bari ya huce.

Sau uku kina yi mini bayanin aikin da za ki yi, ga abin da tsohon kaina ya kama. Kamfanin da ya ɗauke ki yana sayar da iri da taki da maganin feshi. Duk abin da ya shiga sitonsu, da abin da ya fita, da sunan wanda aka ba, yana cikin manhaja a kwamfuta. Ma'aikata suna aiki ta fuskar manhajar, ita kuwa tana da dokokinta: tana tambaya, tana hanawa, tana rubuta sunan duk wanda ya taɓa wani abu. Amma a ƙarƙashinta akwai rumbun da bayanan suke kwance. Ke za a ba ki kalmar sirrin da za ki haɗa kwamfutarki da rumbun kai tsaye, daga waje, ki canza abin da kika ga dama, manhajar ba za ta ce uffan ba. Kin faɗa mini haka kina murmushi kamar wadda aka yi wa ɗinkin sallah. Ni kuwa ban yi murmushi ba, domin na taɓa riƙe irin wannan makulli. Nawa reza ce.

Kin tuna ranar da na raka ki Danchadi, ofishin ƙungiyar manoman albasa? Shugabansu Alhaji Bello ya roƙe ki ki duba musu kwamfuta kafin ki tafi. Akwai mutum goma sha ɗaya da suka rasu, sunayensu suna nan cikin jerin masu karɓar iri da taki, ya yi ya yi ya goge su manhajar ta ƙi. Ya ce miki, "Ɗiyata, mutanen ga sun riga mu gidan gaskiya. Mi za su yi da irin albasa? Shiga ta wajenki ki ɗebe su, mu huta." Ina zaune a kan benci ina jin wannan magana. Kusan kalmomin nan aka taɓa faɗa mini, shekara arba'in da wani abu da suka wuce, a wani ofishi mai warin taki irin wannan.

Na zuba miki ido. Kika haɗa kwamfutarki, kika ce masa, "Baba Alhaji, manhajag ga ba banza ta hana ba. Bari in ga abin da ad ɗaure da sunayen tukuna." Kika fara ɗaukar kwafin komai kika ajiye gefe. Kika buɗe sunayen kika ƙirga su da yatsa a kan gilashin, ba ki taɓa ko ɗaya ba. Can kika gano huɗu daga cikinsu an riga an ware musu irin noman rani, 'ya'yansu ne suke noma fadamun, ba su dai zo karɓa ba ne. Kika ce ba za ki goge kowa ba, za ki sa alamar rasuwa a gaban kowane suna ta cikin manhajar kanta, huɗun nan kuma a kira magadansu. Abu ɗaya da ya zama dole ki gyara ta waje, sai da kika rubuta shi a takarda, abin da yake da da abin da ya koma, kika sa hannu, kika miƙa wa Alhaji biro. Ya ɓata rai, ya ce ɗiyar Akawu ta fi ubanta tsauri. Bai san gaskiyar da ya faɗa ba.

Da muka fito kika tambaye ni ko jikina ne, kin ga ina share ido. Na ce miki warin taki ne. Ba taki ba ne, Saratu, sanyi ne ya sauka a zuciyata, irin wanda ban ji ba tun ina saurayi. Na yi hamdala. Amma wannan ranar ina zaune a bayanki, Alhaji kuma mutumin kirki ne mai gaggawa kawai. Inda za ki babu ni, kuma ba kowane mai gaggawa ne mutumin kirki ba. Shi ya sa zan gaya miki abin da na yi, yadda na yi shi, ba kwana-kwana.

A zamanin jamhuriya ta biyu ina ɗan shekara ashirin da biyu aka ɗauke ni akawun siton takin zamani a nan Bodinga. Lokacin kowa a ƙasarmu yana tafiya da ƙafar dama, muna ganin tunda shugaban ƙasa ɗan Shagari ne, mulki ya zo gida, komai ya zo. Ba a daɗe ba aka shiga tsuke bakin aljihu, kaya suka yi wuya, taki ya zama abin da ake yi wa layi tun da asuba. A hannuna babbar rajista take, mai baƙin bango, inda aka rubuta sunan kowane maigida da ƙauyensa da yawan buhunan da aka yanka masa. Doka ita ce in an yi kuskure a ja layi ɗaya da jan biro yadda za a iya karanta tsohon rubutun, a rubuta sabon a samansa, akawu ya sa hannu, manaja ya sa nasa. Ni kuwa na ƙi jinin jan biro. Rubutuna yana da kyau, har malaman makaranta suna kawo mini takardun shaida in rubuta musu suna, ina ganin jan layi yana ɓata mini shafi.

Sai na koyi kankara. In karya reza biyu, in kwantar da bakinta, in bi tawada a hankali har ta tashi, in goge wurin da bayan farce ya yi santsi, in rubuta sabo. Na gwanance har manaja da tabaraunsa bai taɓa ganewa ba. Farko gyaran gaskiya nake yi, bakwai da ta yi kama da ɗaya, ko suna da na sa a layin da ba nasa ba. Ina jin daɗi, ina ce wa kaina na hutar da manaja. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba a ranar da na cuci wani na yi shi ba, na yi shi ne tun ranar da na saba gyara abu babu wanda ya gani. Ke ma hannunki yana da kyau, na ga yadda yatsunki ke gudu. Ki ji tsoron wannan gwanintar fiye da yadda kike tsoron rashin sani. Duk abin da manhaja za ta iya yi ta fuskarta, ki bi ta nan, ko da zai ɗauke ki yini guda, ko da ana tsaye a kanki ana huci. Hanyar waje ta ranar da babu wata hanya ce. In kika mayar da ita ta kullum, ranar da aka zo miki da abin da bai dace ba hannunki zai riga kanki.

Ni ranar tawa ta zo ne gab da faɗuwar damina. Wani Alhaji, jigo a jam'iyya, wanda ba zan kira sunansa ba tunda ya rasu, ya shigo ofis manaja ba ya nan. Ya yabi rubutuna, ya tambayi lafiyar mahaifina, ya ce ya ji ana maganar ƙarin girma. Sannan ya sa yatsa a shafin ƙauyen Kajiji, a kan sunan wani Malam Garba mai buhu shida, ya ce ai wannan bawan Allah ya rasu tun watan jiya, mamaci kuwa ba ya karɓar taki. Akwai wani mutuminsa da bai samu shiga ba, in sa shi a wurin. Bai ba ni ko sisi ba, kada ki ce saye na aka yi. Yabo kawai na sha, da kuma maganar da ta yi kama da hankali. Na ɗauko reza. Kafin ya gama shan ruwan da na ba shi, Malam Garba ya fita daga littafin kamar ba a taɓa rubuta shi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina har yau shi ne na san al'adarmu. A gidan gandu na tashi, inda uba da 'ya'yansa ke noma gona ɗaya. Na san in maigida ya rasu ana gab da shuka, ba a raba gona sai an kawar da amfani, 'ya'ya suna ci gaba da noma da sunan uban, hatta a bakin mutane gonar tasa ce har kaka. Da a ƙofar gidanmu aka tambaye ni, da na faɗi haka ba tare da tunani ba. Amma a ofis, da littafi a gabana, sai Malam Garba ya zama layi ɗaya a shafi. Na manta akwai gona, akwai matarsa, akwai samari uku da suka riga suka yi sharar gona suna jiran ruwa.

Kuma sunan ba a littafina kaɗai yake ba. Yana cikin jerin da aka aika wa hakimin Kajiji tun da rani. Yana kan katin da ke hannun iyalinsa. Buhunansa shida suna cikin jimillar da ke ƙasan shafin, buhu sittin, suna kuma cikin takardar ɗaukar kaya da manaja ya buga tun mako guda kafin nan, ita ma sittin. Ni wuri ɗaya na taɓa, sauran huɗun suka ci gaba da faɗin tsohuwar magana. Mutumin Alhaji ya zo da amalanke ya kwashi shida a bakin sito. Ranar lodi na bi suna-suna na ƙirga wa leburori buhu hamsin da huɗu. Direbanmu Mamman, wanda bai iya karatu ba kuma ya yarda da ni, ya dangwala yatsa a takardar da ta ce sittin, ya ja mota.

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ke kika ba ni sunansa a Danchadi da kika ce bari ki ga abin da ke ɗaure da sunayen. In manhaja ta hana ki abu, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Wani ne ya zauna ya yi tunanin inda kowane layi yake ɗaure, ya sa ta ta hana. In kin zagaye ta kin shiga ta waje, to wannan tunanin duka ya dawo kanki, babu mai yi miki shi. Kamar mai zare dami ne daga ƙasan rumbu, na sama duk sai sun motsa. Ki ɗauki kwafi kafin ki taɓa komai, kuma ki tabbata kwafin yana buɗuwa, kada ya zama kin ajiye buhun da babu komai ciki. Ki fara dubawa da ido, ki san layi nawa za ki taɓa, in kin yi nufin goma sha ɗaya kika ga ɗari sun fito, ki ɗauke hannunki. Sannan ki tambayi wanda ya san mutanen, ba wanda ya san kwamfuta kaɗai ba. Da na tura a tambayi ko da mai shayin Kajiji ne, da ya gaya mini gonar Malam Garba ba ta mutu ba. Kuma duk wanda ya zo miki a lokacin da shugabanki ba ya nan, yana yabon aikinki, yana cewa abu ne na minti ɗaya, ki ba shi kujera ki ce ya jira shugaban. Mai gaskiya zai jira.

A Kajiji hakimi ya zauna rabo da jerinsa. Aka fara da manyan magidanta, kowa ya miƙa kati ya ɗauki nasa. Gidan da babu uba su ne a ƙarshen layi, haka abin yake ko'ina. Da aka zo kansu mota ta zama wayam. Babban ɗan, Sani, yana tsaye da kati a hannu, babu buhu ko ɗaya. Aka kawo ƙara Bodinga. Manaja ya sa aka fito da tebur gindin dalbejiyar da ke ƙofar sito, aka kira ni da littafi, aka kira Mamman. Manaja ya duba ƙasan shafi, sittin. Ya duba takardar kaya, sittin, ga yatsan Mamman. Ya sa aka ƙirga abin da ya rage a sito, ya yi daidai, tunda sittin ɗin sun fita da gaske. Bai bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ba, don shafin tsaf yake, babu jan layi ko ɗaya da zai ja idonsa. Ya rufe littafin ya ce buhu shida sun ɓace tsakanin Bodinga da Kajiji, kuma mutum ɗaya ne a hanyar.

Mamman ya rantse, ya sake rantsewa. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Akawu, kai ka ƙirga. Hwaɗa musu." Na ce abin da ke cikin littafi shi na loda. Kin ga, ban yi ƙarya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan muni ba. Aka karɓe makullin mota a hannunsa a gaban jama'a. A lokacin ina da wata biyu da auren innarki, ina tsoron Alhaji, ina tsoron kunya, na ce wa kaina in ƙura ta lafa zan gyara. Ba a jima ba sojoji suka karɓi mulki, aka rufe siton, aka watsa mu, littafin ma ban san inda ya ƙare ba. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Na ji labarin 'ya'yan Malam Garba sun sayar da shanun nomansu kafin rani ya raba. Ba zan ce taki ne kaɗai ba, kowa ya sha wuya a shekarar, amma su sun shige ta da ƙafa ɗaya, kuma ni na karya ɗayar.

Mamman bai sake samun mota ba, wa zai ba ɓarawon taki mota? Ya koma Shagari ya kafa faci a bakin titi. Mutane suka laƙa masa suna, Buhu-shida. Tun ana faɗa a bayan idonsa har aka koma kiransa da shi a gabansa, har yaran da aka haifa daga baya suka ɗauka sunansa ke nan. Shekara arba'in ina wucewa ta Shagari, in mota ta zo daidai rumfarsa sai in sami abin dubawa a ɗaya gefen. Na yi aikin Hajji da wannan abu a wuyana. Na yi limancin unguwa da shi. Na yi muku faɗa a kan ƙaryar ƙuli-ƙuli da shi.

Wannan na uku ya fi sauran nauyi, don haka ki saurara da kyau. Gyaran da ba shi da sawu ba ya zama marar mai shi, wani ake ba. Kin ce mini in an canza abu ta waje, manhaja ba ta rubuta kowa, sunan da za a gani shi ne na ma'aikacin da ya taɓa wurin a ƙarshe ta hanyar da ta dace. To wannan ma'aikacin shi ne Mamman ɗinki. Wataƙila mai sito ne, wataƙila yarinya ce irinki da ta zo daga wani ƙauye da jaka ɗaya. Duk ranar da kika shiga ta waje, ki rubuta rana, da abin da yake da, da abin da ya koma, da wanda ya sa ki, ki sa sunanki, ki ajiye inda wani zai gani ba sai kina nan ba. Kalmar sirrin nan kuma kada ki ara wa kowa, ko wanda kuke cin abinci kwano ɗaya. In kuma kin yi ɓarna, don za ki yi wata rana, duk mai aiki yana yi, ki faɗa kafin la'asar. A ranar farko magana ce ta minti biyar da ɗan zufa. Ni na bar tawa ta kwana, kin ga shekarun da ta yi.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Ranar Talatar da na ce miki zan je duba wani tsohon abokin aiki, Shagari na tafi. Tun da muka dawo daga Danchadi na kasa sukuni. Na ce wa kaina yarinyar da na haifa ta miƙa wa Alhaji Bello biro ba ta ji tsoro ba, ni da furfura ina ɓoye fuska a mota. Na same shi da hantsi a rumfarsa, ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi fari, yana zaune a kan tsohuwar taya yana duba tiyub a cikin ruwa. Na yi sallama. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Akawu, kai na? Ka tsuhwa." Na durƙusa a gabansa cikin baƙin mai da ƙasa, da farar rigata, na faɗa masa komai tun daga shigowar Alhajin jam'iyya. Ina yi, shi kuwa bai fasa juya tiyub ɗinsa ba.

Da na gama ya ce, "Na sani. Tun ranan nan na sani. Ni ban iya karatu ba, amma ina da ido. Da manaja yaɗ ɗaga shahin cikin rana, na ga wuri guda haske na hudowa ta cikin takarda, awa tsohon zane. Wa ad da reza in ba kai ba?" Ashe bayan an watse ya bi manaja ya ce a duba wurin, manaja ya ce direba ba zai koya masa karatu ba. Na tambaye shi ko zai iya yafe mini. Ya ce shekara ashirin bai yafe ba, kullum da ni yake kwana da ni yake tashi, daga baya ya gaji, ɗaukata ta yi masa nauyi ya ajiye. Sannan ya ce, "Yahiya ba ita ad damuwata ba, Akawu. Suna na. Jikokina ana ce musu jikokin Buhu-shida. In da gaske kake, tashi mu tai Kajiji."

Muka hau babura biyu. Kin san hanyar, kin kuma san bayana, ban yi ƙorafi ba. Muka sami Sani, yanzu shi ne dattijon gidan, aka kira ƙannensa da liman da wasu maƙwabta, aka shimfiɗa tabarma a zaure. Na sake faɗa daga farko, wannan karon da ƙarfi. Da na gama Sani ya ce innarsu ta rasu tana kiran sunan direba a kan abin da bai yi ba. Ya tashi ya kama hannun Mamman da hannu biyu ya roƙe shi gafara a madadinta. Ni bai dube ni sosai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya dai ce Allah shi yafe mana baki ɗaya, liman ya yi addu'a, aka kawo fura. Na sha, kuma rabon da fura ta wuce mini maƙogwaro haka har na manta.

Da muka dawo Shagari bayan azahar na zauna a rumfarsa ina hutar da baya. Sai ga wani mai babur ya turo abinsa, tun daga nesa yana kira, "Buhu-shida, tayata ta sace!" Kafin Mamman ya buɗe baki na ce, "Na'am." Mutumin ya tsaya yana kallona. Na ce masa mai facin sunansa Malam Mamman, Buhu-shida ni ne, in yana da lokaci ya zauna in ba shi labari. Mamman ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce wa mutumin ya zauna, Akawu ba ya gajarta magana. Kafin la'asar mutum bakwai sun ji, kin kuwa san Shagari, bakwai sun isa.

Na dawo gida jikina kamar an sauke mini kaya. Innarki na gaya mata a ranar, ta yi kuka, ta yi mini faɗan da na cancanta, sannan ta zuba mini tuwo. Ke ce kika rage, ga shi na gaya miki. Ban rubuto don ki ji tausayina ba, kuma in kin ji haushina kina da hakki. Abu ɗaya nake so ki riƙe. Takardata, duk gwanintata, ta bar wurin da haske ke fitowa, har wanda bai iya karatu ba ya gani. Naki rumbun ba shi da wannan. In kin kankare, babu ranar da za a ɗaga shi a gani, babu Mamman ɗin da zai ce a duba wurin nan. Ke kaɗai za ki bar alamar, da hannunki, da sunanki a ƙasa. Na ga kin yi haka a Danchadi ba wanda ya sa ki, shi ya sa nake barci.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci, kada ki zauna gaban kwamfuta har ki manta cikinki, na san halinki. Ki kira innarki ranar Juma'a, ni ko ba ki kira ni ba zan ji a bakinta. Allah ya tsare ki daga sharrin mai sharri da yabon mai yabo, ya tsare hannunki daga hakkin wani, ya sa ki gama da kowa lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Ummaru Akawu, Bodinga,
wanda in kin biyo ta Shagari za ki ji ana kira Buhu-shida. Ki amsa musu, ki ce babanki ne.